Ina so in riƙa ganin kaina a wani allo yayin da kyamara ke ɗaukata, me zan haɗa?

Manomin_Kura:
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sana'ar hoto da bidiyo da ke wannan zaure. Ina zaune a wani ƙauye da ke gefen Kura, kuma ina ɗaukar gajerun darussa kan noman rani, musamman renon irin tumatir da albasa da yadda ake ba su ruwa, ina ɗorawa a Facebook da YouTube domin manoman yankinmu. Kyamarar da nake aiki da ita Canon 1300D ce ta hannu, allonta a manne yake a bayanta, ba ya juyowa gaba. Ni kaɗai nake aikin, don haka idan na kafa ta a kan ƙafarta na koma na zauna, ba ni da hanyar sanin ko kaina ya shiga hoton ko an yanke shi, ko fuskata ta fito sarai ko kuwa bangon bayana ne ya fito fes ni kuma na zama dishi-dishi. Wani lokacin ma sai na gama bayani na taso in tarar ta daina ɗauka tuntuni. Abin da nake da shi a gida shi ne talabijin mai inci 32 da ke aiki da sola, da tsohuwar laftof, da wayar Android. Da wanne daga cikinsu zan iya ganin kaina yayin da ake ɗauka, kuma me zan saya in haɗa? Allah ya saka da alheri.

Sani_MaiHoto_Bichi:
Wa alaikumus salam, Malam. Talabijin ɗinka ya wadatar, abin da ya rage maka igiyar HDMI ce kawai. Idan ka ɗaga murfin robar da ke gefen kyamarar za ka ga raminta, sai dai ba girmansa ɗaya da na talabijin ba. Bakin HDMI iri uku aka fi gani: babba wanda ke jikin talabijin da dikoda, matsakaici da ake kira mini, da ƙarami ƙwarai da ake kira maikro. Taka mini take ɗauka, haka ma 600D da 700D da Nikon D3400, amma Sony a6000 da Canon M50 maikro ne nasu. Saboda haka ka nemi igiyar da bakinta ɗaya mini ne, ɗayan kuma babba, kuma ya fi kyau a gwada ta a jikin kyamarar kafin a biya, domin masu shago da yawa duk ƙaramin baki mini suke ce masa. In ka jona, ka ɗauki rimot ka koma mashigar da ka soka igiyar, HDMI 1 ko HDMI 2. Allon bayan kyamarar zai ɗauke da zarar hoto ya koma talabijin. Haka Canon irin wannan take yi, ba lalacewa ba ce.

Abba_Dambatta:
Ni a ganina laftof ta fi, tunda tana da batirinta kuma ana iya ɗaukarta zuwa ko'ina. Ai ita ma tana da ramin HDMI, sai ya soka igiyar a nan maimakon talabijin.

Injiniya_Dutse:
Ƙanena Abba, a nan akwai gyara. Ramin HDMI da ke jikin laftof fitar da hoto yake yi zuwa majigi ko talabijin, ba ya karɓar hoto daga waje, don haka ko an jona kyamara a wurin ba abin da zai bayyana. Idan ana so laftof ta zama allon kallo, hanya biyu ce. Ta farko a sayi 'yar na'urar nan mai kama da filashi da ake kira kafca kad, wadda gefenta ɗaya ke karɓar HDMI, ɗayan kuma ya shiga USB. Kwamfuta za ta karɓe ta a matsayin kyamarar hira ta bidiyo, sai a buɗe manhajar OBS Studio, wadda kyauta ce, a ga hoton. Ta biyu ba ta buƙatar HDMI ko kaɗan: a sauke EOS Utility daga shafin Canon, a haɗa kyamara da laftof da igiyar USB, a buɗe tagar ɗauka daga nesa. Ga mutumin da yake aiki shi kaɗai na fi yarda da wannan ta biyun, domin ban da ganin kansa, yana iya saita fokas, wato kaifin hoto, ya fara ɗauka, ya tsayar, duk daga inda yake zaune. Iyakarta tsawon igiya, domin USB irin wannan ba ta son wuce mita 5, kuma hoton yakan riƙa cijewa a tsohuwar kwamfuta. Wannan cijewar a allon laftof kawai take, abin da ke shiga memorin kyamara lafiyarsa ƙalau.

Manomin_Kura:
Na gode ƙwarai, Malam Sani da Injiniya. Na aika da hoton ramin ga wani ɗan'uwana a birni ya sayo igiyar, kuma ta shiga daidai a duka ɓangarorin. Sai dai talabijin ya ƙi nuna komai, yana ta cewa babu sigina, alhali dikoda tana aiki a wannan mashigar. Shin igiyar ce ba ta da kyau, ko ramin kyamarar ne ya mutu tun a hannun mai ita na farko?

Sani_MaiHoto_Bichi:
Kafin ka zargi igiya, shiga saitunan kyamarar ka duba wurin da aka rubuta Wi-Fi/NFC. A wannan samfurin, muddin yana kunne, kyamarar ba ta yarda ta haɗu da talabijin ko kwamfuta ta igiya. Ka kashe shi, ka kashe kyamarar, ka zare igiyar ka mayar, sannan ka kunna. Wannan ya shafi hanyar USB da Injiniya ya kawo ma.

Manomin_Kura:
Alhamdu lillahi, shi ne matsalar, yanzu ga ni a talabijin. Amma wasu abubuwa uku sun taso. Allon cike yake da lambobi da alamomi, kuma ina tsoron kada su fito a cikin bidiyon. Idan na ɗaga hannun dama sai in ga ya tashi a ɗaya gefen, har ina son matsawa tsakiya sai in ƙara fita. Sannan akwai ɗan jinkiri tsakanin motsina da abin da nake gani.

Injiniya_Dutse:
Lambobin ba sa shiga bidiyon da ake ajiyewa a memori, a allo kawai suke, kuma maɓallin DISP yana rage su ko ya ƙara. Suna zama matsala ne ga mai son ɗaukar hoton ta kafca kad ya watsa kai tsaye, domin shi yana buƙatar kyamarar da ke fitar da hoto tsantsa ba rubutu, kuma ƙananan Canon na da ba su cika bayar da wannan ba. Kai kuwa alheri ne a gare ka, tunda a cikinsu akwai jan ɗigon da ke nuna ana ɗauka, da lokacin da aka ci, da sauran batir.

Batun hannu kuma, madubi ne ya saba mana da ganin damarmu a dama. Talabijin yana nuna ka ne yadda wanda ke gabanka yake ganin ka, kuma haka masu kallo za su gan ka. Ƙananan allunan da aka ƙera domin kyamara suna da saitin juya hoto, OBS ma tana da shi, amma yawancin talabijin ba su da shi a fili. Jinkirin kuwa yawanci daga talabijin yake, saboda gyare-gyaren da yake yi wa hoto kafin ya nuna. Duba saitin hotonsa, in akwai yanayin wasan gem ka zaɓe shi, jinkirin zai ragu.

Baba_MaiBidiyo_Hadejia:
Allah ya yi muku albarka, 'ya'yana. Mu da muka fara da kyamarar kafaɗa a zamanin kaset ɗin VHS, da igiya mai baki uku muke jona ta da talabijin mai doro, ja da fari na sauti, rawaya na hoto. Abin da nake so in ja hankalin mai tambaya a kai ba na igiya ba ne. A wurin walima ko saukar Alƙur'ani, duk ranar da muka ajiye talabijin inda mai jawabi zai hango kansa, to jawabin ya samu tangarɗa, domin idonsa ya bar jama'a ya koma kan hularsa da wuyan rigarsa. Kai ma haka za ta same ka. Mai kallonka a waya yana cikin gilashin kyamarar nan ne, kuma idan idonka ya karkata zuwa talabijin da ke gefe, zai ji kamar yana magana da mutumin da ke leƙen wanda zai shigo zaure. Ka ajiye talabijin a bayan kyamarar, tsakiyarsa kusa da tsayin gilashin, kuma ka ja da baya gwargwadon yadda ɗaki ya ba ka dama, domin yawan tazara yana rage karkatar ido. Ni da zan ba ka shawara ta gaskiya, ka yi amfani da allon wajen daidaita zama, in ka fara magana kuma ka manta da shi, sai jefi-jefi ka saci kallon jan ɗigon.

Manomin_Kura:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba gwajin da na yi jiya, kuma abin da kuka faɗa shi ne ya faru, idona yana gefen hagu tun daga bisimilla har ƙarshe.

Maman_Hanifa_Gumel:
Assalamu alaikum. Ina koyar da ɗinki da yankan kaya a bidiyo daga cikin gida, kuma kyamarata Nikon D3400 ce, ita ma allonta ba ya juyawa, ba ta kuma da Wi-Fi, Bluetooth kawai gare ta, wanda ba ya nuna hoto kai tsaye a waya. Tunda ba zai yiwu in kira namiji ya shigo ya riƙe mini kyamara ba, dabarar da na yi ita ce na jingina madubin ɗakina a kan kujera a bayan kyamarar, na karkata shi har ina hango allon daga bakin keken ɗinki. Ba ya cin wuta, ba ya jinkiri, kuma dama tana zama dama. Gaskiya allon inci 3 daga nesa ba zai nuna mini ko zare ya fito da kaifi ba, amma yana nuna mini iyakar hoton, wanda shi ne babban abin da ya dame ni. Mu mata ba kanmu kaɗai muke dubawa ba. Tsakar gida wuri ne da abokiyar zama ko ƙanwar miji za ta iya giftawa ba mayafi, ko a bar shanya a igiya, kuma gara in gani a lokacin in tsayar da ɗauka da in gano bayan na ɗora. Don haka ban goyi bayan a manta da allon gaba ɗaya ba, Baba ya yi mini afuwa.

Baba_MaiBidiyo_Hadejia:
Babu laifi, 'yata, hujjarki mai ƙarfi ce. Wanda ke ɗauka a cikin gida mai jama'a dole ya sa ido a kan bayansa. Sai dai ke idonki yawanci yana kan almakashi da yadi, ba wanda zai ga laifinki in kin ɗaga kai kin duba, shi kuwa fuska da fuska yake magana da manoma.

Usman_Tsanyawa:
Ni ban ga dalilin wannan wahalar ba. Kyamarar nan ta 2016 ce, ba ta bin fuska da fokas a lokacin bidiyo, kuma ko ramin makirufo ba ta da shi. Malam ya sayar da ita ya ƙara kuɗi ya sayi waya mai kyau, ya kunna kyamarar gaba ya ga kansa ba igiya ba talabijin. Manoman da yake yi wa darasin a ƙananan wayoyi suke kallo, da data ƙalilan, ba za su bambance hoton Canon da na waya ba. Abin da zai sa su tsaya su saurara sauti ne mai kyau.

Sani_MaiHoto_Bichi:
Usman, maganarka kan sauti gaskiya ce, kuma ina ba shi shawarar ya naɗi muryarsa daban da waya da ƙaramin makirufo na wuyan riga, ya tafa hannu sau ɗaya a farko domin ya samu wurin daidaita sauti da hoto. Amma kyamarar gaba ta yawancin wayoyin da muke iya saya ba ta kai ta baya ba, kuma idan ya juya ya yi aiki da ta bayan, ya dawo kan tambayarsa ta farko, ba ya ganin kansa. Sannan mutum ya tambayi yadda zai yi da abin da ke hannunsa. Kuɗin igiya ɗaya da kuɗin sabuwar waya ba ɗaya ba ne, musamman ga wanda taki da man injin ban ruwa ke jiran aljihunsa.

Tunda an taɓo fokas, bari in yi bayaninsa, domin shi ne dalilin da bango ke fitowa fes fuska ta dushe. Ganin kanka a talabijin ba zai gyara wannan ba, zai nuna maka shi ne kawai. Ka ajiye wani abu mai tsayinka a inda za ka zauna, ko buhu a kan kujera ko yaro ya zauna maka na minti ɗaya, ka danna maɓallin ƙara girman hoto zuwa ninki 5 ko 10, ka saita har ya fito da kaifi, sannan ka tura ɗan makunnin da ke jikin gilashin daga AF, inda kyamara ke saita fokas da kanta, zuwa MF, inda sai da hannu ake saitawa, don kada ya sake motsi. Ka yi wa ƙafafun kujerar alama a ƙasa da alli ko gawayi. Idan haske ya wadata ka sa lambar f, wadda ke nuna yawan buɗewar gilashi, a 5.6 ko 8, domin ko ka ɗan sunkuyo ko ka jingina ba za ka fita daga kaifin ba. Amfanin allon inci 32 a nan shi ne za ka iya tabbatar da wannan daga mazauninka kafin ka fara. Wani abu kuma: a tsofaffin Canon irin 550D da 600D, hoton da ke fita ta HDMI yakan ragu da zarar an danna ɗauka, sai ya yi kamar ya dushe a talabijin alhali na memori lafiya yake. Don haka a yi hukuncin kaifi kafin a danna, kada a yi shi bayan an fara.

Usman_Tsanyawa:
Na karɓi bayanin fokas, amma har yanzu ina kan ra'ayina cewa nan gaba waya ce mafita gare shi, ko kuma kyamara mai allon da ke juyowa gaba irin 700D ko M50 in ya samu ta hannu.

Malamin_Islamiyya_Ringim:
Ba a amsa ɓangaren tambayarsa na cewa kyamara tana tsayawa ba tare da ya sani ba. Ina naɗar karatun littafi da irin waɗannan kyamarori, kuma dalilan da na sani uku ne. Yawancin kyamarorin hoto na wancan zamani ba sa wuce minti 29 da daƙiƙa 59 a ɗauka ɗaya, saboda a lokacin, a Tarayyar Turai, na'urar da ke naɗar minti 30 ko fiye akan lissafa ta a matsayin kyamarar bidiyo mai haraji daban. Na biyu, a ƙananan Canon irin 600D, idan fayil ya kai 4GB ɗauka tana tsayawa, wanda a cikakken HD bai fi minti 11 zuwa 12 ba. Na uku shi ne memori maras sauri ko zafin da kyamara ke ɗauka, musamman a watannin bazara. Malam ya gwada tasa ya ga a minti nawa take tsayawa, ya riƙa yanka darasinsa gaɓa-gaɓa ƙasa da hakan. A nan ne jan ɗigon da Injiniya ya ambata yake da amfani, domin ranar da ya ɓace daga allo ka san magana kake yi da iska. Kuma a rage sautin talabijin gaba ɗaya yayin ɗauka, domin wasu kyamarori suna tura sauti ta HDMI, sai makirufo ya sake kama shi.

Injiniya_Dutse:
Ina so in yi gargaɗi kan ramin kyamarar, domin a wurin gyara muna yawan ganin wannan. Ramin mini da na maikro ba su da ƙwari, kuma a jikin allon lantarkin kyamarar aka liƙa su. Idan igiya mai nauyi tana reto daga gare shi, ko yaro ya yi tuntuɓe da ita, ramin ne zai tafi, gyaransa kuma yana da tsada. A ɗaure igiyar a ƙafar kyamara da roba ko tef, a bar mata ɗan sassauci kafin ta shiga ramin. Na biyu, a riƙa kashe kyamara da talabijin kafin a soka ko a zare. Wanda ke aiki da janareta ko inbata maras kyau ya fi kowa buƙatar wannan, domin wutar da ke yawo a jikin talabijin tana iya bi ta igiya ta ƙona mashigar. Talabijin ɗin sola da ke shan wuta kai tsaye daga batir ya fi kwanciyar hankali, ga shi ba ƙarar inji da za ta shiga sauti. Na uku, yanzu da hunturu ke tafe, a mayar da murfin robar duk lokacin da aka gama, ƙura tana cika ramin.

Garba_Kazaure:
Ina da tambaya a kan wannan. Idan na ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ina ganin wasu layuka suna gangarowa a talabijin. Daga igiya ne?

Sani_MaiHoto_Bichi:
In layukan suna cikin bidiyon da ka ajiye, ba igiya ba ce, ƙwan ne ke ƙyaftawa. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka 60, kuma kyamarorin hannu da yawa daga can suke zuwa da saitin NTSC, wato tsarin bidiyon Amurka. Ka mayar da tsarin bidiyo zuwa PAL, wanda ya dace da wutarmu, ka ɗauka a hoto 25 a daƙiƙa, gudun shata, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane hoto, 1/50 na daƙiƙa. In a janareta kake, wani lokacin sai ka ɗan gwada sama ko ƙasa da haka, domin juyin ƙaramin inji ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Manomin_Kura:
Na amfana matuƙa. A ɗaki yanzu al'amari ya daidaita: talabijin yana bayan kyamara, kujera tana da alama, fokas yana MF. Sai dai rabin darussana a gona nake yin su, a bakin kwami ko gefen magudanar ruwa, kuma ba zan ɗauki talabijin da batirin sola a babur zuwa can ba. Madubin Maman Hanifa na gwada shi a waje, hasken rana ya hana ni ganin komai. Mene ne mafita a fili?

Aminu_Kamera_Wudil:
A fili abin da aka ƙera domin wannan shi ne ƙaramin monita na kyamara, mai inci 5 ko 7, irin na Feelworld ko Lilliput. Ana ɗaura shi a saman kyamara inda fitilar filasha ke zama, a juyo da fuskarsa gaba, ya karɓi hoto ta gajeriyar igiyar HDMI. Da yake dab da gilashi yake, matsalar karkatar ido da Baba ya faɗa tana raguwa sosai. Yawancinsu da batirin NP-F suke aiki, kuma sau da yawa ba a haɗo batir da caja a kwalin, sai an saya daban, don haka a tambaya kafin a yi ciniki. Abin da ya fi muhimmanci ga mai aiki a rana shi ne ƙarfin hasken allon, wanda ake aunawa da nit. Masu araha sukan tsaya wajen 400 zuwa 500, waɗanda a tsakar ranar Kano sai da rumfa ake ganin su, masu 1000 zuwa sama kuwa ana ganin su a fili amma sun fi tsada sun fi cin batir. Ni mai arahar nake da shi, na yanka kwali na yi masa rumfa, na shafa wa cikin baƙin fenti. Yana da saitin juya hoto kamar madubi, yana kuma zana launi a gefen duk abin da ya fito da kaifi, wanda ke sauƙaƙa duba fokas daga nesa.

Abba_Dambatta:
Yaya Aminu, ba za a iya amfani da manhajar Canon ta waya, Camera Connect, ba, tunda kyamarar tana da Wi-Fi? Wayar tana hannunsa, ba sai ya sayi komai ba.

Aminu_Kamera_Wudil:
Na yi aiki da irin tasa, kuma abin da na samu shi ne manhajar tana nuna hoto kai tsaye a yanayin ɗaukar hoton tsaye, amma ba ta ba ni bidiyo ba. Duk da haka tana da amfani a gona: ya tsaya inda zai tsaya, ya duba kansa a waya, ya saita fokas, ya zana alama a ƙasa, sannan ya je ya mayar da gilashi MF, ya kashe Wi-Fi, ya juya zuwa bidiyo. Sai dai ya kula da abu ɗaya. Hoton tsaye na wannan kyamara 3:2 ne, bidiyo kuwa 16:9, wato ana datse sama da ƙasa. Wanda ya daidaita kansa dab da saman hoto a waya zai tarar hularsa ta tafi a bidiyo. Ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ke yanke masa kai tun farko. Ya bar sarari kamar tafin hannu biyu a saman hula.

Maman_Hanifa_Gumel:
Wannan batun datsewa ya tuna mini da wani abu. Masu yanka bidiyonsu a tsaye domin TikTok ko gajerun bidiyon Facebook, tsakiyar hoton kawai ke tsira, kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa. Ƙanwata da ke da talabijin ta manna tef layi biyu a jikin allon daga sama zuwa ƙasa, duk abin da take nunawa sai ta tabbatar yana tsakaninsu. Malam zai iya yin haka in yana nuna ganyen tumatir ko kwalbar magani.

Injiniya_Dutse:
Akwai hanya ta tsakiya tsakanin monita da manhaja, wato a mayar da wayar kanta monita da kafca kad ɗin da na ambata a sama. HDMI ya fito daga kyamara ya shiga kafca, kafca ta shiga waya ta mahaɗin OTG, wanda ke ba waya damar karɓar kayan USB, sai a buɗe ɗaya daga manhajojin da ke nuna kyamarar USB. Da yake ta HDMI hoton ke zuwa, yana ci gaba da nunawa har a lokacin ɗaukar bidiyo. Kuɗinta bai kai na monita ba ko kusa. Aibinta shi ne ba kowace wayar Android ce ke karɓa ba, akwai jinkiri, wayar ce ke ciyar da kafca wuta don haka cajinta yana saurin sauka, kuma a rana tana zafi. A wasu wayoyi ma sai an shiga saituna an kunna OTG da hannu, kuma yakan kashe kansa in an daɗe ba a jona komai ba.

Sani_MaiHoto_Bichi:
Ni dai a gona ban ga abin da ya kai ɗan'adam ba. Yaro ɗan sakandare in an nuna masa jan ɗigo da iyakar hoto, zai tsaya bayan kyamara ya ɗaga hannu in wani abu ya sauya, kuma zai kare ta daga iska da awaki. Sannan in Malam zai naɗi sauti da wayar kamar yadda na ce, ba zai iya mayar da ita monita a lokaci guda ba.

Manomin_Kura:
Malam Sani, yaran suna makaranta da safe, kuma da safen ne haske ya fi kyau, ruwa ma lokacin ake sakowa. Kuɗin monita sai bayan an kwashe tumatir in Allah ya kai mu. Yanzu zan fara da dabarar Malam Aminu ta daidaitawa da manhaja, in kuma nemi kafca in gwada, sauti kuwa in ari wayar uwargida. Injiniya, ta yaya zan san wayata za ta karɓa kafin in kashe kuɗi?

Injiniya_Dutse:
Ka fara da gwajin da ba ya cin komai: ka ari mahaɗin OTG ka soka filashi ko linzamin kwamfuta a wayar. In ba ta gan su ba bayan ka kunna OTG, kada ka sayi kafca domin ta. In ta gan su, alama ce mai kyau amma ba tabbaci ba ne, domin karɓar bidiyo ta USB wani mataki ne daban. Ka sauke manhajar tun a gida inda kake da sabis, ka tafi da kyamara da igiyarka da wayar shagon, a haɗa su a kan teburin mai kaya, ka danna ɗauka ka bar ta ta yi minti biyar kana kallo. Ka duba bakin kafca ɗin ma, ko USB babba ne ko Type-C, don ka san irin mahaɗin da za ka haɗo da shi.